Tsohuwar Kwalejin Katsina

'Yar'uwa, in Allah Ya kai ki Katsina, ki leƙa tsohuwar kwalejin horon malamai da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Nan Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A 1938 makarantar ta koma Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau. Ginin kuwa, na ƙasa ne, ya zama gidan tarihi.

To, me ke raya irin wannan gini? Ba siminti ba dai, don danshi yake ɓoyewa har bango ya zube. Maganinsa yaɓe kafin damina, gyaran indararo, da sauya azarar da ta gaji. In za a ja wuta, kada a sassare bango. Mu da muka tashi a gidan ƙasa mun sani, ruwa ke cin gini, sakaci ke ba shi hanya.