Daga Al-Oud Zuwa Bakin Teku: Yadda Riyad Ta Jawo Tashar Jirgin Ruwa Cikin Hamada

A maƙabartar Al-Oud da ke kudancin tsohon birnin Riyad aka binne Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a 1953, a kabarin da babu ƙubba ko rubutu a kansa. Shekara biyu kafin rasuwarsa, a 1951, ya ƙaddamar da layin dogon da ya matsa wa kamfanin Aramco ya shimfiɗa daga Dammam, bakin teku, ya bi ta Hufuf da Kharj har Riyad, tafiyar sama da kilomita 500. Kafin nan raƙuma da manyan motoci ne ke ratsa rairayi da kaya.

A 1981 aka buɗe tashar tsandauri a Riyad. Kwantena ta sauka daga jirgin ruwa a Dammam, a ɗora ta a jirgin ƙasa, kwastan su duba ta a cikin gari, ɗan kasuwa ya karɓi kayansa kusa da shagonsa.

Bankin Duniya bai fara auna irin wannan ƙwazo ba sai a 2007, da ma'aunin LPI. Dillalan jigilar kaya ya riƙa tambaya, su ba kowace ƙasa maki daga 1 zuwa 5 kan saurin kwastan, ingancin hanyoyi da tashoshi, sauƙin tura kaya waje, ƙwarewar ma'aikata, bin sawun kaya, da isowarsa kan lokaci. Ra'ayin mutane ne, kuma ra'ayi kan karkata. Shi ya sa a 2023 bankin ya haɗa da bayanan tafiyar kwantenoni, inda aka ga kwantena kan ci kwana 44 a matsakaici daga shigarta tashar fita zuwa fitarta daga tashar sauka.

A wannan shekarar Singapo ce ta ɗaya cikin ƙasashe 139. Saudiyya ta tashi daga ta 55 a 2018 zuwa ta 38. Nijeriya ta zo ta 88.

Abin da ke ci mini rai shi ne, jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, shekara 40 kafin Riyad, ya yi ta kwasar gyaɗa da fatu zuwa teku. Muka bar dogon ya lalace, kaya suka koma kan tirela, suna kwanaki a layin tashar jirgin ruwa ta Apapa. Tashar tsandauri ta Kaduna sai 2018, ta Dala a Kano kuwa sai Janairun 2023.