BANGO DA SHAFI: TARIHIN DABARAR JAN IDON MAI KARATU

Mai karatu, tuna ranar da ka tsaya gaban mai sayar da littattafai, ga su nan birjik sun fi ɗari, amma hannunka ya tafi kan guda ɗaya tak. Ba ka san marubucin ba, ba ka karanta ko layi ɗaya ba. To me ya ja ka? Bango ne. Haka abin yake ga fastar fim. Akwai wani mutum da ba ka taɓa gani ba, wanda ya zauna ya shirya inda idonka zai fara sauka, da inda zai bi daga nan. Wannan sana'a ta tsara shafi da launi tana da dogon tarihi, kuma mu ma muna da namu kason a ciki.

Mu fara daga gida. Ɗauko Alƙur'ani rubutun hannu, irin na alarammomin Kano ko Barno, ka duba da kyau. Haruffa da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ruwan ɗorawa. Kowace kala da aikinta, babu wadda aka sa don ado kawai. Rubutun yana tsakiya, an bar fili fetal a gefe, inda ake zana alamar hizifi ko sumuni da zayyana, ta yadda mai tilawa zai gano wurinsa da kallo ɗaya. Ka ga ƙa'idoji uku ke nan: babban abu ya fito fili, a bar wa ido wurin hutawa, launi kuma ya zama mai aiki. Malaman nan ba su shiga ajin zane ba, amma abin da ake koyarwa a can ke nan.

Turawa ma da rubutun hannun suka fara. Da Johannes Gutenberg ya buga Baibul da injinsa a garin Mainz na Jamus wajen 1455, tsarin masu rubutun hannu ya kwaikwaya: kowane shafi gida biyu, galibi layi 42, da fili mai faɗi a gefe. Ya gwada buga jan rubutu a wasu shafukan farko, sai ya ga wahalar ta yi yawa, domin sai takarda ta shiga inji sau biyu. Sai ya haƙura, ya riƙa barin gurbi a cike da hannu. Ka riƙe wannan, domin shi ne sirrin launi a maɗaba'a: kowace kala kuɗi ce.

An daɗe kafin a shawo kan matsalar. A 1704 Isaac Newton ya fitar da littafinsa kan haske, inda ya jera launuka a da'ira. Ba da jimawa ba wani mai zane haifaffen Jamus, Jacob Christoph Le Blon, ya nuna cewa da faranti uku, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, za a iya buga hoto mai kaloli da yawa. Jikar wannan dabara ce ake aiki da ita har gobe: tawada huɗu, wato shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi, ana ɗora su ɗigo-ɗigo. Ita kuwa fuskar kwamfuta ko waya da haske take haɗa kala, ja da kore da shuɗi. Shi ya sa furodusa zai ga fastarsa tana ƙyalli a kwamfuta, a kawo ta daga maɗaba'a ya ga ta dushe, ya hau faɗa. Sau da yawa ba ha'inci aka yi masa ba, tawada ce ba ta iya yin duk abin da haske ke yi.

Kai da ke son ƙagaggun labarai, ga inda abin ya shafe ka. A 1935 Allen Lane ya kafa kamfanin Penguin a Ingila, yana sayar da littafi a kan sisi. Bangon ba hoto ko ɗaya in ban da ɗan tsuntsun tambarinsu: ratsi uku a kwance, na tsakiya fari ɗauke da sunan littafi da na marubuci. Launin sama da ƙasa shi ke gaya maka abin da ke ciki. Ruwan lemo na ƙagaggen labari ne, kore na labarin kisa da bincike, shuɗi mai duhu na tarihin rayuwa. Daga nesa mai saye ya san nasa. Daga 1947 zuwa 1949 suka ɗauko gwanin tsara rubutu Jan Tschichold, ya rubuta musu ƙa'idoji shafi huɗu kacal kan tazarar kalmomi da layi da makamantansu, aka ɗora ɗaruruwan littattafai a kai.

A ɓangaren fim kuwa, nemi fastar Vertigo ta Alfred Hitchcock, 1958, wadda Saul Bass ya zana a Amurka. Fim ne mai manyan taurari, James Stewart da Kim Novak, amma babu fuskar ko ɗaya. Fili ne ja mai sirkin ruwan lemo, da farin zare da ya murɗe kamar guguwa, da surar mutum biyu suna faɗawa ciki. Kala uku, magana ɗaya: jiri. Shekara fiye da sittin ke nan ana koyar da ita.

Mu dawo gida. Zariya ce cibiyar ɗab'in boko na Hausa: Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Kamfanin Gaskiya ya biyo a 1945, NNPC a 1966. Da marubutan soyayya suka ɓarke a Kano a shekarun 1980 da 1990, suna buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, yawancin bangon zanen hannu ne da kala kaɗan, domin abin da aljihu zai ɗauka ke nan. Talauci ya tilasta tsari. Sai kwamfuta ta iso da PageMaker, wadda ta fito a 1985, da CorelDRAW ta 1989. Ta zo da alheri, ta kuma zo da ciwon kai, don da farko ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, har sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka ƙirƙiro haruffa masu lanƙwasa.

Amma babbar illar ita ce arahar kala. Bayan Turmin Danya ya buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo a 1990, kasuwa ta cika, kowa na son ya fi ɗan'uwansa ihu. Ka tuna fastocin zamanin kaset da sidi: kawunan 'yan wasa takwas an cusa, sunan fim da salon rubutu uku, bayan hoto kamar bakan gizo. Kowa na magana lokaci guda, ba ka jin kowa. A cikin littafi kuma a matse layi, a cinye gefe don a rage takarda, mai karatu ya yi shafi goma kansa ya ɗau ciwo, ya ɗora laifin a kan marubuciya.

Yau kasuwar ta koma waya. Fasta ta zama ɗan hoto a YouTube wanda bai fi kan babban yatsa girma ba, bangon littafi kuma yana yawo a WhatsApp. A wannan ƙanƙantar, cunkoso mutuwa ne. Don haka marubuci da furodusa, kafin ku biya mai zane, ku ƙanƙance aikin a waya ku miƙa wa wanda bai san labarin ba. In ya karanta sunan nan take, ya kuma faɗi ko soyayya ce ko ban tsoro, aiki ya yi. In ya tsaya yana ƙifta ido, a koma a rage. Kai kuma mai karatu, in ka samu littafin da ka cinye dare kana karantawa idonka bai gaji ba, duba shafin farko ka ga ko an rubuta sunan wanda ya tsara shi. Ya cancanci ka san shi.