Mako Guda a Agustan 2023: Yadda Kukan Bakin Iyaka Ya Shiga Majalisar Dattawa

Tun daga Oktoban 2023 muka yi ta zuba waƙoƙi da gajerun labarai a kan Gaza, kuma tambaya ɗaya ce take yawan dawo mana: shin kukan talaka yana kaiwa kunnen masu yanke hukunci kuwa? A wasu ƙasashe akwai hanyar da aka saba bi. Mai jefa ƙuri'a zai rubuta wa ɗan majalisarsa wasiƙa, ya kira ofishinsa, ya je ya tsaya masa a ƙofa. Ranar 15 ga Nuwamban 2023, da aka kawo batun tsagaita wuta a Gaza gaban majalisar dokokin Birtaniya, ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 293 a kan 125, amma 'yan jam'iyyar Labour 56 sun bijire wa shugabansu Keir Starmer suka goyi bayansa, wasu har suka ajiye muƙamansu. Da yawansu matsin mutanen mazaɓarsu ne ya kai su ga haka. A watan ne kuma Majalisar Dattawan Najeriya ta yi nata kiran na a tsagaita wuta, kiran da bai wuce kan takarda ba, domin ba ta da ikon komai a kan wancan yaƙin.

Amma wata uku kafin nan, an yi wani yaƙin da wannan majalisar take da iko a kansa, wanda aka ɗaura wa ɗamara a ƙofar gidanmu, kuma ba a yi shi ba. Shi muke so mu waiwaya a wannan mako, daga Jibiya.

Wanda bai san Jibiya ba zai ɗauka ƙarshen Najeriya ce. Wanda ya san ta ya san tsakiyar ƙasar Katsina ce, wadda aka raba biyu. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ne. Gaskiya ne an shafe shekaru ana kai wa juna hari tsakanin ɓangarorin biyu, kada mu yi wa tarihi kwalliya, amma faɗan 'yan gida ɗaya ne, masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya da auratayya. Layin da muke kira iyaka Ingila da Faransa ne suka ja shi a kan takarda tun 1890, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sannan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Ruwa ma bai san da layin ba. Kogin da aka datse a madatsar Jibiya shi ne yake gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi, kuma a ambaliyar Yulin 2018, wadda ta ci sama da mutum 40 a Jibiya, wasu gawarwakin sai a cikin Nijar aka tsinto su.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana rufe iyaka tun kafin a haifi yawancinmu. Janar Muhammadu Buhari ya rufe ta a 1984, shekarar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Ya sake rufewa a Agustan 2019, aka kuma hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, ba a saka Jibiya a ciki ba, sai a Afrilun 2022. Ke nan ɗan kasuwar Magama bai fi wata goma sha biyar da fara numfashi ba aka sake garƙame ƙofar. A haɗa da 'yan bindigar daji da suka kori dubban mutane daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Sakkwato, waɗanda da yawansu a jihar Maraɗi suka sami mafaka.

A wannan hali ne, ranar 26 ga Yulin 2023, dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum a Yamai, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani ya bayyana a matsayin sabon shugaba. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, wanda bai fi mako uku da karɓar shugabancin ƙungiyar ba. Suka rufe iyakoki, suka hana zirga-zirgar jiragen sama, suka dakatar da ciniki, suka ba sojoji wa'adin kwana bakwai su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Magama da Illela, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Ranar 3 ga Agusta tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta sauka a Yamai, ta dawo ba tare da ta ga Tchiani ba.

Nan ne abin da ya kamata kowane marubuci ya sani ya shigo. Sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai da amincewar majalisun tarayya biyu a zaman haɗin gwiwa, kuma ba za a tura sojan Najeriya fagen daga a wajen ƙasa ba sai Majalisar Dattawa ta amince tukuna. Akwai ɗan togaciya idan ƙasa na fuskantar barazana ta gaggawa, amma babu wanda zai iya cewa Yamai na shirin kawo wa Abuja hari. Wato makullin yana hannun mutum 109, kuma 21 daga cikinsu sun fito ne daga jihohi bakwai da suka yi iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Jibiya tana cikin mazaɓar Katsina ta Tsakiya, wadda Sanata Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa yake wakilta, tsohon soja ne shi kansa.

Ranar Juma'a 4 ga Agusta shugaban majalisar Godswill Akpabio ya karanta wasiƙar Tinubu, wadda ta lissafa matakan ECOWAS har da tara sojoji domin afkawa Nijar idan sojojinta suka yi taurin kai. Kafin rana ta faɗi, ƙungiyar sanatocin Arewa ƙarƙashin Sanata Abdul Ningi ta fitar da sanarwa ta bakin Sanata Kawu Sumaila: sun yi tir da juyin mulkin, amma ba su yarda da amfani da ƙarfin soja ba, suka kuma ambaci jihohin nan bakwai da wutar za ta fara ci. Washegari Asabar majalisar ta zauna, domin dama tana cikin tantance ministoci, ta shiga zaman sirri. Da aka fito, matsayarta ita ce a ƙarfafa hanyar siyasa da diflomasiyya. Akpabio ya ƙara da cewa ai shugaban ƙasa bai nemi izinin shiga yaƙi ba. Mu dai abin da muka fahimta shi ne an sami hanyar da za a ce a'a ba tare da an kunyata mai gida ba.

To me ya sa sanatoci, waɗanda yawancinsu 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa ne, kuma majalisar da aka fi sani da amsa amin, suka cije a wannan karon? Babu ofishin kamun ƙafa a Jibiya, babu ƙungiyar da ta buga wasiƙa iri ɗaya ta raba a sa hannu. Abin da muke da shi daban ne. Limamai sun hau mumbari a wannan Juma'ar. Shirye-shiryen rediyo na kiran waya sun cika da muryoyin mutanen da ke da uwa a Madarunfa ko ɗiya a Ɗan Isa. Sassan Hausa na BBC da DW, waɗanda a wancan lokacin ake saurare a ɓangarori biyu na iyakar a lokaci guda, sun yi ta ɗauko muryar direba da mai dako. Saƙonnin murya sun yi ta yawo a WhatsApp. Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa da dattawan Arewa duk sun fitar da matsaya, haka ma shugabannin Kirista. Sanata kuwa mutum ne da ake samu a wurin ɗaurin aure da zaman makoki, lambar wayarsa tana hannun shugaban jam'iyya na gunduma, kuma ya san akwatin da ya kai shi Abuja. Wannan shi ne kamun ƙafar Bahaushe, ba ya barin takarda a baya, amma wanda aka yi wa shi ya san an yi.

Bayan zaman majalisar matsin bai tsaya ba. Ranar 6 ga wata, ranar da wa'adin ya cika, Tinubu ya kira gwamnonin wasu jihohin iyaka, ciki har da Dikko Raɗɗa na Katsina. Ranar 9 Muhammadu Sanusi II ya ga Tchiani tare da Sarkin Damagaram, abin da ya gagari manyan jakadu. Ranar 10 ECOWAS ta ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana, amma ranar 12 tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau tana Yamai, a ranar ne kuma matasa suka fito zanga-zangar ƙin yaƙi a Kano. Daga nan zancen yaƙin ya fara sanyi har ya mutu murus.

Kada mu cika baki. Ba kukan iyaka kaɗai ya hana yaƙin ba. Mali da Burkina Faso sun ce taɓa Nijar daidai yake da ayyana yaƙi a kansu. Aljeriya ta ƙi amincewa. Kuɗin yaƙin da sojojin da za a tura su ma matsala ne ga ƙasar da ke fama da Boko Haram da 'yan bindiga. Sai dai ECOWAS ba ta iya yaƙi sai da Najeriya, kuma Najeriya ba ta iya shiga Nijar sai ta bi ta kan mutanen da suka ce ba su yarda ba.

Akwai kuma abin da ya fi damunmu. Muryar da ta isa ta hana harbi ba ta isa ta buɗe ƙofa ba. Takunkumin ya zauna har 24 ga Fabrairun 2024, bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS ranar 28 ga Janairu. Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22. Sama da wata bakwai ke nan mai kaya yana bin ɓarauniyar hanya a kan babur, yana biya a kowane shinge, asibitocin Nijar suna fama da ƙarancin magani da wuta. Yaƙi abu ne mai ban tsoro da ake iya taruwa a kansa cikin mako guda. Yunwa a hankali take ci, kuma ba mu iya tsayawa a kan ɗan majalisa wata da watanni ba. Sannan a cikin zafin lamarin wasunmu sun zarce daga ƙin yaƙi zuwa yi wa soja kirari, aka manta cewa zaɓaɓɓen shugaba aka kulle shi da matarsa ba tare da shari'a ba. Sanarwar sanatocin ta raba waɗannan abubuwa biyu, yawancin rubuce-rubucenmu na wancan lokacin ba su raba ba.

Idan ɗalibi ya tashi rubuta tarihin wannan makon nan da shekara ashirin, zai sami wasiƙar Tinubu, zai sami sanarwar sanatocin Arewa da hotunan Yamai. Huɗubar limamin ƙauye, da kiran wayar da mai sayar da albasa ya yi wa kansila, da saƙon muryar da wata uwa ta tura wa ɗanta soja, waɗannan suna cikin wayoyin da ake canzawa kowace shekara biyu. Direbobin da suka kwana a ƙarƙashin motocinsu a Magama suna nan da ransu, ana samun su a tasha, kuma daga birnin Katsina zuwa can ba wata tafiya ba ce, in ban da shingayen da ke kan hanya.