Jiragen marayu: yadda Amurka ta kai yaran birni gonaki tsawon shekaru 75

Tsakanin 1854 da 1929, ƙungiyoyin agaji na gabashin Amurka sun kwashe yara kimanin 200,000 zuwa 250,000 daga manyan birane, musamman New York, suka kai su ƙauyuka ta jirgin ƙasa domin su zauna a gidajen manoma. Daga baya ne aka laƙaba wa wannan shiri sunan "jiragen marayu". Sai dai da yawa daga cikin yaran ba marayu ba ne: suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su da gida.

Mafarin shirin

A tsakiyar ƙarni na 19, baƙi daga Turai, musamman Ayalan da Jamus, sun yi ta kwarara zuwa New York. Dubban yara na kwana a titi, suna tallar jarida ko bara. A 1853 wani malamin coci mai suna Charles Loring Brace ya kafa ƙungiyar Children's Aid Society. A ganinsa gidan marayu ba ya gyara yaro, aikin gona da zama cikin iyali ne ke gyara shi. Su kuwa manoman yankin tsakiyar ƙasar suna neman masu taya su aiki. Ayarin farko, na yara kimanin 45, ya isa garin Dowagiac na jihar Michigan a 1854.

Yadda ake raba yaran

Kafin jirgi ya iso, akan buga sanarwa a jaridar garin, a kafa kwamitin manyan gari da zai tantance masu neman yara. Ranar isowa sai a jera yaran a kan dandamali, a coci ko zauren taro, jama'a su zo su zaɓa. Wasu da abin ya shafa sun ba da labarin yadda manoma ke taɓa damatsansu, suna duba haƙoransu. Wanda ba a zaɓa ba sai ya koma jirgi zuwa gari na gaba. Ta haka aka raba wa da ƙane, ya da ƙanwa, wasu har abada.

Sharaɗin shi ne mai ɗaukar yaro ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya sa shi makaranta, yaron kuma ya yi aiki. Amma jami'an da ke zagayawa duba yaran ba su da yawa, garuruwan kuma da nisa, ga shi kwamitin gari ba ya son ɓata wa maƙwabci rai ta hanyar hana shi yaro.

Abin da ya biyo baya

Wasu yaran sun dace da gidajen kirki. Andrew Burke ya zama gwamnan jihar Dakota ta Arewa, John Brady kuma ya zama gwamnan Alaska. Dukansu biyu ta wannan hanya aka kai su jihar Indiana suna yara. Wasu kuwa sun sha duka da aikin wahala, ba makaranta, har suka gudu. Mabiya ɗarikar Katolika sun zargi ƙungiyar Brace da kai ƴaƴansu gidajen Furotesta domin sauya masu aƙida. Asibitin New York Foundling na ƴan Katolika, wanda aka kafa a 1869, ya riƙa tura nasa ƙananan yaran zuwa gidajen da limaman coci suka zaɓa tun kafin tafiya.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 jihohi suka fara kafa dokokin taƙaita shigo da yara daga waje. A 1909 taron da shugaba Theodore Roosevelt ya kira a fadarsa ya tsayar da cewa bai kamata a raba yaro da iyayensa saboda talauci kaɗai ba. Injunan noma kuma suka rage buƙatar hannu. Jirgi na ƙarshe ya tashi a 1929. A yau akwai gidan tarihin wannan shiri a garin Concordia na jihar Kansas.

Ba Amurka kaɗai ba

Ingila ta tura yara fiye da 100,000 zuwa Kanada daga 1869, mafi yawa domin aikin gona da aikatau, kuma a 2010 firaminista Gordon Brown ya nemi gafara kan shirin tura yara ƙetare. Faransa ma ta kwashe yara fiye da 2,000 daga tsibirin Réunion tsakanin 1962 da 1984, ta kai su yankunan karkara da jama'arsu ke raguwa, irin su Creuse. Michel Debré, ɗan majalisa mai wakiltar tsibirin, na cikin manyan jagororin shirin. A watan Fabrairun 2014 majalisar dokokin Faransa ta amince cewa gwamnati na da alhaki a kan abin da ya sami yaran.

A duk waɗannan ƙasashe, an tafi da yaran ne da sunan taimako, sannan aka bar su a hannun wanda ke buƙatar aikinsu ba tare da mai bin sawu ba.