Daji da Namun Dawa a Nijeriya da Nijar: Waiwaye Kan Ƙarni Guda

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin Nijeriya da Nijar, bisa yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba ta bi dutse ko kogi ba, in ban da yankin Komadugu Yobe a gabas. Katsina da Maraɗi ƙasa ɗaya ce ta jigawa da gawo da aduwa. Sai an yi nisa da iyakar sa'an nan bambanci yake bayyana: Nijeriya ta gangara kudu har kurmi da gaɓar teku, inda ruwan sama kan haura milimita 2,500 a shekara, ita kuwa Nijar ta miƙa arewa zuwa duwatsun Azbin da rairayin Tenere, inda garin Bilma ba ya samun ko milimita 30 a galibin shekaru.

Turawan mulkin mallaka na ɓangarorin biyu sun bi hanya kusan ɗaya wajen tsare namun dawa, watau keɓe daji da hana farauta a cikinsa. Faransawa sun kafa gandun W a gefen kogin Kwara a 1954. A lardin Bauci an keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Tsofaffin rijiyoyi da kufan maƙera da ke cikin Yankari shaida ne cewa wannan daji ya taɓa zama mazaunin mutane. Giwa da ɓauna da gwanki sun sami mafaka a gandayen biyu.

Amma abin da ya fi cancantar nazari shi ne raƙumin dawa. A farkon ƙarni na 20 ana samunsa tun daga Senegal har Tafkin Cadi, har da Arewacin Nijeriya. Bindiga da faɗaɗar gonaki da farin shekarun 1970 da na 1984 suka taru suka kusa ƙarar da shi. Mai hankali zai zaci ƙasar da ta fi ruwa da itatuwa ita za ta riƙe shi. Ba haka aka yi ba. Wannan iri ya ƙare ƙaf a dazuzzukan Nijeriya. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage a duniya, dukkansu a Nijar, a yankin Kure gabas da Yamai.

Wurin nan kuwa ba gandu ba ne. Babu shinge; dabbar tana kiwo a tsakanin gonakin Zabarmawa, tana cin ganyen gawo, wani lokaci har ta yi musu ɓarna a wake. Hana farautarta da kuɗin da baƙi masu zuwa kallo ke kawo wa ƙauyuka su ne suka sa manoma suka haƙura da ita, har adadinta ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda rabon da a ga raƙumin dawa tun shekarun fari na 1970.