Daga Yaron Shugaba Zuwa Jagoran Mafarauta: Tarihin Kalmar "Gille"

A tsaunukan arewacin Sukotlan, mutumin da ke raka mafarauci bin sawun barewa, ko ya nuna wa masunci inda kifin salmon ke kwanciya a kogi, ana kiransa "gillie" ko "ghillie". Wannan maƙala na da ra'ayin cewa farauta ba ita ce tushen kalmar ba, aro ne da ya manne mata daga baya, bayan ƙasa ta sauya iyayengiji.

Asalinta "gille" ne a harshen Gelik na Sukotlan, ma'anarta yaro, saurayi ko bara. 'Yar'uwarta a Gelik na Ayalan ita ce "giolla", kuma dukansu sun fito daga "gilla" na tsohon harshen Ayalan. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan haɗi ba, domin yaron sarki kan kai shekara sittin ana ce masa yaro. Matsayi ake nufi, ba ƙuruciya ba.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin sunayen mutane. Gilchrist daga "Gille Chrìosd" yake, wato bawan Almasihu. Gilmore bawan Maryama ne, Gillespie kuwa baran bishop. Ginin sunayen ya yi kama da na Abdullahi da Abdurrahman, inda bauta ke nuna kusanci da ɗaukaka. Kalmar da iyaye ke raɗa wa ɗansu da alfahari ba ta ƙasƙanci ba ce, kuma babu ƙamshin farauta a cikinta.

A zamanin da kowace zuriya ke da shugabanta, gille muƙarrabi ne mai aiki sananne. "Gille-mòr" ke riƙe wa shugaba takobi. Akwai mai jan linzamin doki a hanya mai haɗari, kwatankwacin zagi a fadojinmu. Akwai kuma wanda ke goya shugaba ya haye rafi, shi ya sa mutanen kudancin ƙasar suka laƙaba wa irinsu "mai jiƙaƙƙiyar ƙafa" don ba'a. Edward Burt ya lissafa waɗannan muƙamai a wasiƙunsa da aka buga a 1754.

Yaƙin Culloden na 1746 ne ya karya wannan tsari. Gwamnatin Birtaniya ta ƙwace makamai, ta kuma soke ikon shari'a da shugabanni ke gada. Sannu a hankali shugabanni suka rikiɗe suka zama masu ba da hayar filaye, aka tashi talakawa daga gonakinsu don kiwon tumaki, daga baya aka mayar da filaye masu faɗi dajin barewa na attajirai. Shugaba mai takobi ya gushe, baƙo mai bindiga ya maye gurbinsa, amma har yanzu ana bukatar ɗan ƙasa da ya san tsauni da iska. Sai aka ba shi tsohon sunan. Sayen gandun Balmoral da gidan Sarauniya Biktoriya ya yi a 1852, da shaharar baranta John Brown, suka ƙara kafa sabuwar ma'anar a bakin Ingilishi.

Wani zai ce ai barorin shugabanni ma suna raka su farauta tun da can, don haka ma'anar tsohuwa ce. Gaskiya ne suna yi, amma ɗaya ne daga cikin ayyuka da dama. Abin da ƙarni na 19 ya yi shi ne taƙaita kalmar ga wannan aiki kaɗai, kuma a Ingilishi ne taƙaitawar ta faru. Daga nan ma ta sake tafiya: rigar ɓad-da-kama ta maharban soja ana kiranta da wannan suna, ana kuma danganta ta da rundunar Lovat Scouts da aka kafa a 1900 daga mazajen tsaunukan.

Saboda haka, mai fassara "gillie" da jagoran mafarauta ya faɗi aikin yau, bai faɗi asali ba. A bakin masu Gelik, har gobe "gille" yaro ne.