Yaron da Ya Ƙi Karɓar Tukuici a Landan

Duk ɗan sikawut a Amurka ya san labarin. A 1909 wani attajiri mai gidan jarida a Chikago, William Boyce, ya ɓata hanya cikin hazon Landan. Sai ga wani yaro ya ɓullo, ya kai shi inda za shi. Da Boyce ya miƙa masa tukuici, yaron ya ƙi karɓa, ya ce shi ɗan sikawut ne, kuma ɗan sikawut ba ya karɓar lada don ya yi alheri. Abin ya ratsa Boyce, har ya koma gida ya yi wa ƙungiyar sikawut ta Amurka rajista ranar 8 ga Fabrairu, 1910.

Haka ake faɗa wa yara. To wane ne yaron, kuma ina gaskiyar ta tsaya?

Masu bin diddigi sun fara da hazon. Da suka duba bayanan yanayi, sai suka tarar babu hazo a unguwar da abin ya faru a ranar. Kuma a bayanin da Boyce ya fara bayarwa bai ambaci hazo ba. Daga baya ya shigo, yadda mai ba da labari kan ƙara gishiri. Ɓatan hanyar ma da sauƙi: ga alama titi kawai yaron ya tsallakar da shi. Ana kuma cewa yaron ya kai Boyce har gaban Baden-Powell, wanda ya assasa sikawut da sansanin yara 20 a tsibirin Brownsea a 1907. Wannan ma bai tabbata ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne Boyce, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa Gabashin Afirka, ya karɓi adireshin ofishin sikawut ya je da ƙafarsa ya kwaso takardu.

Akwai wani ɓangaren da labarin ya rufe, kuma shi ya fi damuna. Boyce ya san darajar yara tun kafin Landan, domin dubban yara ne ke yi masa tallar jaridunsa. Sannan ba a kan fili ya yi gini ba. Ernest Thompson Seton ya riga ya tara yara a ƙungiyarsa ta koyon zaman daji tun 1902, Daniel Beard ma ya kafa tasa a 1905. Edgar Robinson na ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA shi ya ɗauki wahalar haɗa kan waɗannan mutane a watannin farko. Labarin hazo ya fi daɗin ji a bakin wuta da dare, shi ya sa ya danne sunayensu.

Amma bayan an kakkaɓe ƙarin, abu ɗaya bai motsa ba: an yi yaron, ya taimaki baƙo, ya ƙi kuɗi. A ganina wannan ya isa, ba ya bukatar hazo.

A 1926 ƙungiyar ta Amurka ta fara ba da babbar lambar yabonta ta Ɓaunar Azurfa. Ta farko ta Baden-Powell ce, ta biyu ta yaron. Da yake babu wuyan da za a rataya wa, sai aka ƙera mutum-mutumin ɓauna na tagulla aka kafa a Gilwell Park, kusa da Landan. A lokacin yaron ya isa magidanci, idan har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar shi da rai. Har yau ba a tabbatar da sunansa ba.